Kawu Thawin da Agwagwa Mai Farin Ido

A gyara hanya, jama'a! A kashe rediyo, a ɗaure karnuka, mai tari ya je bayan gari ya yi abinsa. Ga Sarkin Tsuntsayen Tafkin Boraphet nan tafe, Jagaban masu leƙen ciyawa, Uban balbelu, Aminin zalɓe, mutumin da agwagi ke tambayar lafiyarsa tun daga ƙasar Sin. Ga Thawin ɗan Sombun na unguwar tashar jiragen ruwa, wanda ya haura sittin a duniya, kuma babban abin da ya taɓa yi a cikinsu shi ne ya ga agwagwa. Guda ɗaya. Ita ma babu wanda ya yarda ya gan ta.

Ƙanin mahaifiyata ne, don haka kada wani ya ce min ban san shi ba. Ni ne Keng. Na shiga makarantar gyaran lantarki na fito ta taga, na je Bangkok na dawo da tari da waya mai fasasshen gilashi, yanzu ina acaɓa tsakanin tashar jirgin ƙasa da bakin tafki. Duk wanda ya zo kallon tsuntsu a bayana yake zuwa, labarin Kawu kuwa tun ina rarrafe nake shan sa.

A kan ruwa aka haife shi, a irin gidajen gora masu iyo da yanzu babu su. Makaranta ta sallame shi tun kafin ya sallame ta. Ranar ɗiban soja ya zura hannu a tukunya ya zaro baƙin kati, aka ce ya koma gida, amma har yau kakin soja yake sawa, yana tafiya da ƙirji a gaba kamar wanda ya ci yaƙi. Ya taɓa zuwa Bangkok aikin gini, damina ɗaya ya yi ya dawo, wai siminti yana hana shi jin kukan tsuntsaye. Abin da ya iya tun asali shi ne kamun su. Yakan kafa raga a cikin ciyawar ruwa, masu ƙiba a soya, ƙanana ya kai wa matan bakin haikali, su zuba a keji su sayar wa masu neman lada su saki. Tsuntsun da aka saka da safe da yamma yana cikin ragar Kawu, gobe kuma ya koma keji. Akwai wani gwara da ya ce ya gane shi, sun yi shekara suna aiki tare.

Da hukuma ta hana kamu, sai ga wata irin halitta ta fara zuwa mana duk lokacin sanyi. Mutanen birni ne, masu kaya kalar laka, kowa da kyamara kamar taɓarya a wuya. Ba sa cin tsuntsun, ba sa sayen sa, ba sa sakin sa don lada. Su shiga jirgi tun gari bai waye ba, su zauna suna raɗa kamar a gidan makoki, su ɗauki hoton abin da kakanninmu ke jefawa a miya, su dawo su yi ta musu a kan jelarsa. Kawu ya dube su ya ga 'yan'uwansa. Ya jefar da raga, ya sa wa jirginsa inji mai doguwar wutsiya, wani ɗan Japan ya ba shi hula da madubin hangen nesa wanda ido ɗaya ya mutu. Shi ke nan aka yi sarki.

Jirginsa kuma ya fi barikin soja doka. Ba a tari, ba a atishawa, ba a buɗe leda. Ya taɓa sauke wata amarya a tsibiri saboda ta sa jar riga. Masu zuwa ganin furen bado, su da ba ruwansu da agwagwa, sai ya kai su bakin ciyawa ya kashe inji ya ajiye su har rana ta gasa su, yana nuna musu wani ɗigo a nesa yana cewa su gode wa sa'arsu.

Maganar agwagwar kuwa ga yadda take. Wata shekara, kafin gashinsa ya gama fari, ya fita shi kaɗai da sanyin safiya, sai ya gan ta a cikin garken agwagin da ke saukowa daga arewa. Kai baƙi mai sheƙin kore, ƙirji kalar soyayyen goro, gefe fari, ido kuma fari fat kamar maɓallin riga. Ya san ta, don masu kyamara sun taɓa nuna masa hotonta, sun ce ta kusa ƙarewa a duniya, wanda ya gan ta ya ga abin faɗi. Suna da wani suna nata mai karya harshe. Mu Farin Ido muke ce mata.

Ya dawo tasha yana ihu. Aka buga waya, waya ta buga waya, washegari motocin Bangkok sun cika filin har bakin rumfar matarsa. Suka kwana suna yini a ruwa. Abin da suka samu wata 'yar'uwarta ce, ita ma mai farin ido amma ja daga kai har jela, irin wadda ko ni na sha gani. Wani mai gemu ya dafa kafaɗar Kawu a gaban kowa ya ce, "Ba komai, Baba, kowa yana kuskure." Suka shiga motocinsu.

Daga ranar sunansa ya koma Kawu Farin Ido. Yara su bi shi suna kwak-kwak. Shugaban masu tsokanar kuma Prasong ne, maƙwabcinsa a gadar katako, mai sabon jirgi da rumfa da kujeru masu katifa.

"Ranka ya daɗe, an fito? Yau me aka gani? Na ji an ce giwa ta sauka a kan bado."

"Kai da ba ka san bambancin zalɓe da uwarka ba."

"Uwata dai an gan ta, akwai hotonta a bango. Thawin, ga kazar matarka Lamyai can ta juya ido, in kira Bangkok?"

Mai hankali da ya yi dariya ya wuce, a manta. Kawu sai ya mai da abin sana'a. Kowane sanyi, kowace safiya, da fasinja ko babu, yana ruwa yana ƙona mai. Ba ganinta kawai yake so ba, ai ya riga ya gani. So yake wani mai kyamara ya ɗauke ta yana zaune a jirginsa, a kawo hoton a manna a goshin Prasong. Mai ciyar da wannan hauka kuwa Inna Lamyai ce, matarsa, wadda ke soya kifi tana daka kwaɗon gwanda a rumfarta tun kafin a haife ni. Kaskonta ne ke sayen man jirgin.

Bana ta gaji. Ina zaune ina cin shinkafa a rumfar aka yi abin.

"Wannan sanyin ne na ƙarshe," ta ce, ba ta ko daina daka ba. "Zafi na shigowa jirgin nan ya tafi. Mijin ƙawata Nuan ya samo mai saye."

"Jirgin wa?"

"Jirgin wadda ke zuba masa mai. Likita ya ce yanar ido ta rufe maka ɗaya, ɗayan ma tana hanya. Madubinka ido ɗaya, kai ido ɗaya, me ya rage? Ka dawo nan ka fere gwanda kamar kowane tsoho."

"In na bar ruwa haka, maƙaryaci zan mutu."

"To ka mutu maƙaryaci mai ƙoshi. Keng, ɗauke ƙafarka daga kan bokitina."

Sai ya tafi wurin Kaka. Kowa a nan yana zuwa wurin Kakar Tafki, aljanar da ke tsaron ruwan nan, ɗan ɗakinta na kan turaku a tsibirin tsakiya, cike da furanni da kwalaben jan lemo. Ɗalibi ya yi mata alkawarin dafaffen ƙwai in ya ci jarrabawa, mace ta yi na yadin alharini in miji ya dawo. Dokar guda ce: abin da bakinka ya faɗa shi za ka biya, kuma yadda ya faɗa. Chalor mai taliya ya yi mata alkawarin 'yan rawa in aka ga babur ɗinsa da aka sace. Aka ga babur, ya kai mata rediyo ya kunna. Da safe bakinsa yana kusa da kunnensa. Asibiti sun ce hawan jini ne, amma babu wanda ya tambayi asibiti.

Kawu ba zai iya alkawarin ƙwai kamar mutane ba. Da ya isa ya tarar da Prasong ya kawo wasu 'yan kasuwa, sai ya durƙusa ya ɗaga murya yadda har kifi za su ji.

"Kaka, ni ne Thawin. In kika dawo min da ita na gan ta da idona, tartsatsin wuta zan kunna miki. Ba ƙaramin nan na yara ba, doguwar igiya, jajayen nan masu ƙarar bindiga. A inda na gan ta zan kunna, nan take, kafin in haɗiye yawu!"

Prasong ne ya kawo labarin tasha, yana riƙe da ciki. Inna Lamyai ta ajiye taɓarya ta dubi mijinta.

"A inda ka gan ta?"

"Haka na ce."

"Kai da ke hana mutane tari a jirgi?"

Na ga lokacin da maganar ta isa ƙwaƙwalwarsa. Ta yi doguwar tafiya kafin ta isa. Washegari ya sayi jan lemo ya nufi tsibiri don a gyara yarjejeniya, a mai da ita bayan an ɗauki hoto. A tsakiyar hanya injinsa ya mutu. Ni da na yi rabin makarantar lantarki na duba daga baya, ruwa ne ya shiga mai. Shi kuwa ya ce Kaka ta ba da amsa, ba ta son a sake zancen. Ya sayo igiyar tartsatsin daga shagon ɗan Sin, ya naɗe ta a leda ya cusa ƙarƙashin bencinsa da kwalin ashana. Haka ya yi ta yawo da ita duk sanyin nan, yana neman tsuntsuwar da ta fi kowace tsoro a tafki, yana zaune a kan abin korar ta.

Dabararsa ɗaya ce, wai mai kyamara ya danna kafin shi ya haɗiye yawu. Sai dai mai kyamara ɗaya ya rage masa a duniya, Malam Anuwat, likitan haƙori da ya yi ritaya, wanda ke hawa jirgin Kawu saboda shi kaɗai ne ba ya sa waƙa. Malam Anuwat mutum ne da in zai sha ruwa sai ya goge kofin, ya duba shi a haske, ya sake gogewa. Ban taɓa ganin ya yi abu ɗaya da sauri ba. Na tabbata akwai mutanen da suka tsufa a kujerarsa da baki a buɗe.

Ranar da abin ya faru ni na ɗauko shi daga masaukinsa. Sanyi ya sauko sosai, irin wanda ke sa karnukan unguwarmu su sa tsofaffin riguna. Na ga ya zo da kwandon shinkafa mai danƙo da gasasshen nama, sai na ji ni ma ina son tsuntsaye. Na faɗa jirgi. Kawu ya harare ni.

"Kai kuma ina za ka?"

"Karatu, Kawu. Kullum kuna cewa ban gama makaranta ba."

"In ka yi tari a ruwa zan bar ka."

Ya juya ga likita. "Malam, mu sake. In na ce ga ta, me za ka yi?"

"Zan duba in tabbatar."

"Ba dubawa! Dannawa za ka yi. Ka danna kawai, mu duba a gida."

"Ai hoto ba a yin sa haka, Thawin. Akwai haske, akwai nisa."

Muka tashi. Hazon ruwa ya kwanta a kan bado, ba ka ganin komai sai kan jirgi da ƙyallayen da Kawu ya ɗaura masa. Can muka ji su kafin mu gan su. Da hazon ya fara yayewa sai ga agwagi sun rufe ruwa daga bakin ciyawa har gindin tsibirin Kaka, kamar an watsa barkono a faranti. Kawu ya kashe inji ya ɗauki gora yana tura mu a hankali. A bayanmu Prasong ya iso da jirgi cike da masu kyamara, har da wasu 'yan mata biyu. Likita ya rataya min ƙaramin madubinsa in riƙe, ni kuma na sa shi aiki a kan jirgin Prasong.

Ina cikin wannan bincike na ji gora ta tsaya. Kawu ya sandare, madubinsa a kan idonsa mai rai.

"Ga ta," ya ce, da wata murya da ban san yana da ita ba.

Na juya madubin inda yake kallo, don in samu abin ba da labari a tasha. Sai na gan ta. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so a ce ja ce. Kai baƙi, rana ta taɓa shi ya yi kore. Gefe fari. Idon nan kamar maɓalli, tana kallon duniya kamar ana bin ta bashin gaisuwa. Ƙaramar aba, ko tukunya ba za ta cika ba. Wannan ce ta cinye wa mutum rabin rayuwa.

"Ina?" in ji likita. Ya fara buɗe jaka.

"Bayan turken can."

"Wane turke? Turaku da yawa a nan."

Na dubi Kawu na ga ya damƙe leɓɓansa, kumatu sun fara cika. Sai na tuna. Kafin in haɗiye yawu. Mutumin nan ya riƙe yawunsa a baki, kuma mai yawu a baki ba ya kwatance.

"Mmm!" Ya miƙa hannu. "Mmm! Mmm!"

"Hagu ko dama?"

"Mmmm!"

"Malam, turke mai gwangwani a kai," na ce. "Ƙasa da shi kaɗan."

Likita ya ɗaga taɓaryarsa, ya sa ido, ya sauke. "Gilashin ya yi raɓa." Ya zaro ƙyalle daga aljihu. Ya warware shi. Ya hura gilashin. Ya fara gogewa a zagaye, daga tsakiya zuwa baki, yadda littafi ya ce.

Agwagwar ta nutse.

Kawu ya yi wani sauti kamar an taka kare. Muka zuba wa ruwa ido. Ta ɓullo can gefe, tsakanin wasu jajaye guda biyu, tana girgiza kai.

"Ga ta can, Malam, ta koma dama!"

"Dama da me?"

"Da inda take ɗazu!"

"Ai ban ga inda take ɗazu ba."

Yawu ya fara zubo wa Kawu ta gefen baki yana bin haɓa. Idonsa ya yi ja. Maƙogwaronsa na hawa yana sauka, yana riƙe shi da hannu kamar mai shaƙe kansa.

"Kawu, tofar mana!" na ce. "Ba ka ce kafin ka tofar ba ai."

Ya zaro min ido, ya nuna ɗakin Kaka da haɓa. Tofi a ƙofar ɗakinta? Gara a harbe shi.

"Na ga wani abu," in ji likita. "Tsaya. A'a, wannan ja ce. Thawin, ko za ka ɗan juya jirgin? Rana tana gabana. In muka zagaya ta can hasken zai fi kyau."

Ban sani ba ko maganar hasken ce ta yi, ko sanyi, ko dai maƙogwaro ya gaji. Na dai ji ƙut. A cikin shirun nan har Prasong ina jin ya ji. Kawu ya haɗiye.

Ya tsaya kamar gunki. Sai kumatunsa na hagu ya motsa. Sanyi ne, ni ma nawa rawa yake. Ya kai hannu ya taɓa wurin, kumatun ya sake motsawa.

"Ta fara," ya ce. "Keng, dubi bakina. Ta fara ja."

"Sanyi ne, Kawu."

"Haka Chalor ya ce."

"Likita, gaya masa, ai bakin mutane aikinka ne!"

"Minti ɗaya," in ji likita, ido a kyamara. "Ina jin na kusa."

Kawu ya riga ya durƙusa. Ya jawo leda, ya warware jar igiyar nan, ya rataya ta a kan gorar tuƙi. Ashana ta farko ta faɗa ruwa, ya zaro ta biyu. Na kama rigarsa, ya ture ni na zauna a kan kwandon shinkafa. Daga jirgin baya Prasong ya miƙe tsaye, shi da ya san abin da ke cikin ledar.

"Thawin! Kai, Thawin! Kada ka yi! Ina da baƙi!"

"Kaka, ga naki!" Kawu ya ɗaga gora sama da hannu biyu kamar mai riƙe tuta. "Ban ci miki ba! Jinkiri ne kawai!"

Na sha jin tartsatsi a bikin sabuwar shekara, amma ban taɓa jin sa a kan ruwa da sassafe ba. Ƙarar ta tafi ta bugi ƙarshen tafki ta dawo ta same mu ba a gama ba. Ruwan gaba ɗaya ya tashi sama. Agwagi, balbelu, zalɓe, kajin ruwa, har waɗanda ban san suna nan ba, sama ta yi baƙi, fukafukai kamar ana yayyaga tabarmi. Kashi ya sauko mana kamar yayyafi. Hayaƙi ya rufe jirgi, jajayen takardu na zuba a kan hular ɗan Japan. Ɗaya daga cikin 'yan matan nan ta faɗa tsakanin kujeru. Likita kuwa, a karon farko a rayuwarsa, ya danna ba tare da ya duba ba.

Da igiyar ta ƙare, babu ko gashin tsuntsu a kan ruwa daga nan har inda ido ya tsaya. Sai kainuwa da takardu. Kawu ya sauke gora, ya shafa bakinsa hagu da dama, ya haɗa hannu ya sunkuya wa ɗakin Kaka. Sannan ya juyo.

"Malam, ka samu?"

Likita ya daɗe yana duba bayan kyamararsa. Ya juyo da ita muka gani. Hayaƙi ne, da wasu ɗige-ɗige a sama, da kunnen Kawu a gefe, ya fito tsaf, har gashin ciki.

"Ka mai da ni tasha," in ji likita.

Hanyar dawowa Prasong ya jera da mu, baƙinsa na zagin Kawu da harsuna uku. Shi kansa ya kasa zagi, dariya ta hana shi.

"An gan ta, ranka ya daɗe? Kai, wannan karon har an yi mata bindigar ban girma! Thawin, gobe me za ka gani, in zo da auduga a kunne?"

Kafin azahar labarin ya gama wayoyin masu kyamara na ƙasar nan. Ma'aikatan kula da tafki suka zo suka yi masa faɗa a gaban rumfa, Inna Lamyai ta ba su kifi suka tafi. Agwagin sun dawo bayan 'yan kwanaki, amma can nesa suka sauka, wajen da jirgi ba ya shiga. Kawu ya ci gaba da fita shi kaɗai har sanyi ya ƙare. Bai sake ganinta ba, kuma ko ya gani babu mai kyamarar da zai ƙara taka jirginsa. Zafi na shigowa mijin Nuan ya zo da mai saye. Yanzu jirgin ya sha fenti ruwan hoda, an kafa masa kan agwagwar roba a gaba, yana kai masoya ɗaukar hoto cikin bado da waƙa a lasifika.

Sarkin Tsuntsaye kuma yana rumfar matarsa a kan 'yar kujera, cikin kakin soja, yana fere gwanda. Ba ya ma iya ta, rabin gwandar yake zubarwa da ɓawo. Yaran sun daina kwak-kwak, yanzu ta-ta-ta-tas suke yi masa.

Shekaranjiya na dawo daga tashar jirgin ƙasa babu fasinja, na same shi shi kaɗai, Inna ta je kasuwa. Na daɗe ina kallon sa. Wani abu ya taso min, ko tausayi ne ko yunwa, ban tantance ba. Na hau kan benci na tsaya.

"Kawu, ka kwantar da hankalinka. Duniya ta ƙi ka, Bangkok ta ƙi ka, likitan haƙori ya ci amanarka, amma akwai mutum ɗaya da ya gan ta da idonsa biyu masu lafiya. Kai kore, gefe fari, ido kamar maɓalli. Ni ne shaidarka. Zan tsaya a gadar katako in faɗa a gaban Prasong. Zan faɗa wa duk wanda ya hau bayan babur ɗina. Rubutawa ma zan yi, da sunanka da na mahaifinka, jikokin jikokinka su san Thawin ɗan Sombun bai yi ƙarya ba!"

Bai ɗago ba sai da ya gama gefen gwandar da ke hannunsa. Ya dube ni da idon nan nasa guda, daga silifas har gashin da na rina, ya koma kan wuƙarsa.

"Kai ɗin?" ya ce. "Bar shi kawai, gara a ci gaba da ce min maƙaryaci."